Tambaya da Amsa: Littafin Awo na Biyu

Assalamu alaikum Baba. Ni tela ne a Tudun Wada, shekaruna 37, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Shekara tara na yi ina shan giya a ɓoye. Da rakiyar abokai zuwa Sabon Gari abin ya fara, har ya kai ni kaɗai nake zuwa, daga baya ma sai 'yar leda a aljihu in kwankwaɗa a bayan shago. Kwanakin baya jikina ya rikice, ƙanena ya kai ni asibiti a Shika, na yi kwana tara a kwance. Yau kwanana 81 ban sha ba. Da za a sallame ni likita ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da nake ji kullum. Na saya, amma ko layi ɗaya ban rubuta ba. Na taɓa ji a wa'azi cewa Allah ba ya yafe wa mai tona zunubin da aka rufa masa, to ina tsoron kada rubutun ya zama tonon asirin kaina. Ina kuma tsoron matata ko yaran shago su gani. Sannan ni a aji uku na sakandare na tsaya, ban ma san abin da zan rubuta ba. Ga Salla ta matso, a lokacin na fi sha. Ina mafita?

Wani tela, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka wa ƙanenka da alheri. Kwana 81 ba wasa ba ne. Shekara 31 na yi ina aikin jinya kafin in aje, 12 daga ciki a ɗakin masu shaye-shaye da taɓin hankali, don haka na san yadda makon farko yake, na san irin zufar da ka jiƙa zanin gado da ita. Wanda bai gani ba ba zai gane nauyin wannan lissafi naka ba.

Bari in fara da maganar wa'azin, don ita ce ta riƙe maka hannu. Ni ba malami ba ne, ɗalibin zaure ne kawai, amma hadisin sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim daga Abu Huraira, kuma shi da kansa ya fayyace wanda ake nufi: mutumin da ya yi saɓo da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari na wayewa ya je yana ce wa wane, jiya na yi kaza da kaza. Wato mai kai labarin ɓarnarsa majalisa. Ka san irinsu, waɗanda ke zama suna ƙirga kwalaben da suka sha jiya ana dariya. Kai kuwa takarda ce tsakaninka da Ubangijinka, ba don alfahari ba, don neman hanyar da ba za ka koma ba. Wannan ya fi kusa da abin da malamai ke kira muhasaba, wanda aka ruwaito Sayyidina Umar yana horo da shi, cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana. Haka gaya wa likita, neman magani ne, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. In zuciyarka ba ta kwanta da maganata ba, ka tambayi malamin da ka yarda da shi, ba sai ka ce kai ne ba.

Kuma ma abin da nake so ka rubuta, yawancinsa ba zunubi ba ne. Awo ne.

Kai tela ne. In mutum ya kawo maka shadda yadi biyar, ba ka sa almakashi sai ka ɗauko tef ka auna kafaɗa da hannu da ƙirji da tsawo, ka rubuta a littafi. Me ya sa ba ka dogara da ƙwaƙwalwarka? Saboda ka san za ta yaudare ka, ka yanka yadin mutane a banza. To jarabar giya ma tana da awonta. Tana da sa'ar da take zuwa, tana da wurin da take tare ka, tana da mutanen da take biyowa. Shekara tara kana tare da ita amma ba ka taɓa auna ta ba, shi ya sa kake ganin kamar daga sama take faɗo maka. Abin da likitanka yake so shi ne ka buɗe mata littafin awo nata na kanta. Wannan kuwa bai buƙatar digiri. Wanda ya iya rubuta "kafaɗa 18, hannu 24" ya iya shi.

Ga misalin yadda shafin rana ɗaya zai iya kasancewa:

"Talata, kwana 84. Ƙarfe 8:40 na dare, a shago. An ɗauke wuta, kayan mutum uku ban gama ba, mai farar shadda ya zo ya yi mini faɗa gaban yara. Tun koko da ƙosan safe ban ci komai ba. Ƙarfinta 8 cikin 10. Na rufe shago, na je wajen mai shayi na ci biredi da ƙwai, na kira ƙanena. Ƙarfe 9:10 ta sauka zuwa 3."

Shi ke nan. Minti biyar bai cika ba. Ka lura babu wata kalmar kunya a ciki, amma duk abin da kake buƙata yana nan: yunwa, gajiya, wulaƙanci gaban yara, da kuma abin da ka yi ya yi aiki. Ka fi mai da hankali ga lokutan nan biyu, wato lokacin da ta taso da lokacin da ta sauka. A sa'ar da ƙishirwar giya ta kama mutum, ji yake kamar ba za ta sake shi ba sai ya sha, kamar hauhawa za ta yi ta yi har kansa ya fashe. Ba haka take ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington ta Amurka, Alan Marlatt, wanda ya daɗe yana nazarin abin da ke mai da mashayi ruwa bayan ya tuba, ya koyar da cewa tasowa take ta kai ƙololuwa sannan ta sauka da kanta in ba a ciyar da ita ba, sau da yawa cikin abin da bai wuce rabin awa ba. Ka dubi kogin Kubanni bayan ruwan Agusta, yadda yake cika yana ruri kamar zai tafi da gada, jim kaɗan ka dawo ka tarar ya janye. In na gaya maka haka, maganar wani dattijo ce a mujalla. Amma in ka buɗe littafinka ka ga sau ashirin ta taso sau ashirin ta sauka, da rubutun hannunka, to ranar da ta taso na ashirin da ɗaya kana da shaidar da ba za ta iya ƙaryatawa ba.

Ban koyi wannan a makarantar jinya ba. A gidanmu na fara ganinsa. Yayana, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a tashar Zariya, ya sha burkutu da ogogoro har mahaifiyarmu ta daina fita biki don kunya. Sau uku yana bari yana komawa. A karo na huɗu ne ya fara rubutu a wani tsohon littafin lissafi mai baƙin bango, da ajami, don bokonsa bai kai naka ba ma. Bai taɓa rubuta kalmar giya ba, "baƙuwa" yake ce mata. Baƙuwa ta zo bayan la'asar. Baƙuwa ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Bayan wata huɗu ya zauna ya bi shafukan baya, sai ya ga abin da mu duka muka kasa gani shekara da shekaru: ba ta taɓa yi masa ƙarfi kamar a kwana ukun da suka biyo bayan albashi ba, musamman in ya biyo ta bakin kasuwar Sabon Gari da kuɗin a aljihu. Daga nan ranar albashi ni nake zuwa in tare shi a bakin tasha, mu biyo wata hanyar, ya danƙa wa matarsa kuɗin cefanen wata kafin ya cire takalmi. Shekara 19 ya yi bayan haka bai sake sha ba, har Allah ya karɓi abinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya tsaya ya duba lokacin da ake ruwan.

Don haka rubutun rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne karantawa. Kowace Juma'a in ka sauko masallaci, kafin ka buɗe shago, ka bi shafukan mako ka ja layi a ƙarƙashin abin da ya maimaita kansa. Wataƙila ka ga wani aboki ne da in ya tsaya da babur ƙofar shago yake tayar maka da ita. Wataƙila faɗa da uwargida ne, ko ranar da kuɗi ya shigo da yawa, ko ranar da bai shigo ba sam. Ranar da za ka koma ganin likita ka tafi da littafin. Da ka ce masa "da sauƙi" gara ka nuna masa mako shida a rubuce, zai fi sanin ko kana buƙatar ƙarin magani ko a'a, don akwai magungunan da ke rage ƙishirwar, irin su naltrexone, kuma likita ne kaɗai zai ce ko ya dace da hantarka.

Akwai shafi guda da nake so ka rubuta sau ɗaya tak, tun yanzu da abin yake sabo a ranka. Ka rubuta daren da aka kai ka Shika. Abin da ka gani, abin da ka ji a jikinka, fuskar ƙanenka, abin da babban ɗanka ya ce da ka dawo. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar mashayi tana da wata muguwar ɗabi'a: bayan wata biyar ko shida sai ta wanke wahalar ta bar daɗin. Za ta tuna maka sanyin kwalba da hirar abokai, ta ɓoye maka aman da rawar hannu da allurar da ka kasa zura wa zare. Na ga mutane da yawa sun dawo mana a wata na shida, ba don wata masifa ta same su ba, sai don sun ji sauƙi sun manta. Ka naɗe kusurwar wannan shafin yadda za ka same shi ko a duhu.

Rubuta abin da ke ci maka rai shi ma yana da amfaninsa. A 1986 wani malamin jami'a a jihar Texas, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubutu na minti 15 kwana huɗu a jere kan abin baƙin cikin da ya taɓa samunsu, aka ga a watannin da suka biyo baya sun rage zuwa asibitin makaranta in aka kwatanta da waɗanda suka rubuta abubuwan yau da kullum. Ƙungiyar nan ta masu taimakon juna wajen barin giya, Alcoholics Anonymous, da aka kafa a 1935 a garin Akron na Amurka, ita ma cikin matakanta 12 akwai na huɗu, inda mutum ke zama ya yi wa halayensa ƙididdiga, da na goma, inda yake ci gaba da bin diddigin kansa. Amma ina ja maka kunne: kada ka zauna kai kaɗai ƙarfe ɗayan dare kana tono tsofaffin raunuka. Irin wannan rubutun yakan dagula zuciya kafin ya kwantar da ita, kuma dagulalliyar zuciya da tsakar dare ita ce abin da baƙuwa take nema. In za ka yi shi, ka yi da hantsi, ka ƙayyade minti goma sha biyar, ka rufe ka tashi ka shiga mutane.

Kada kuma littafin ya zama wurin zagin kanka. Na sha karanta na marasa lafiyarmu, da izininsu, in ga shafi guda cur babu komai sai "ni banza ne, ni asararre ne". Wannan ba hisabi ba ne, kuma ba ya hana sha, ƙara tura mutum yake. A Bukhari akwai labarin mutumin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. In an hana wani ya la'ance ka, kai ma ba a ba ka izinin la'antar kanka ba. A ƙasan kowane shafi ka rubuta abu ɗaya da ya tafi daidai a ranar, ko da asuba ce ka samu cikin jam'i, da kuma kuɗin da da giya za ta ci. Ka riƙa tara lissafin. Ranar da ya kai kuɗin buhun masara za ka ji wani abu a ranka.

Maganar ɓoyewa mai sauƙi ce. Ka sayi irin littafin da kake awo da shi sak, ka sa wa giyar sunan da kai kaɗai ka sani kamar yadda yayana ya yi, mutane kuma ka sa musu harafi ɗaya. Ka aje shi a aljihun tebur mai makulli, makullin a jikinka. Kada ka rubuta a waya, don wayar magidanci a hannun 'ya'yansa take kwana. In littafi ya cika, ka kwashe darasin da ke ciki zuwa shafin farko na sabo, ka ƙona tsohon in ka ga dama. Game da matarka kuwa, ɗana, macen da ta yi shekara tara tana wanke maka kaya tana buɗe maka ƙofa da dare, da wuya a ce ba ta san komai ba. Ban ce ka ba ta littafin ba. Amma ka yi tunanin gaya mata cewa kana jinya kuma kana buƙatar taimakonta.

Yanzu Salla. Ka yi daidai da ka ji tsoronta. Na san yadda shagunan teloli suke a goman ƙarshe: janareto na ruri har asuba, ba barci, ba abincin kirki, masu kaya na tsaye a ka, kuɗi kuma na shigowa. Duk abin da ke tayar da ƙishirwar ya taru a mako ɗaya. Tun yau ka buɗe shafi ka rubuta adadin ɗinkin da za ka iya gamawa ba tare da kwanan zaune ba, in ka kai adadin ka daina karɓa, ko na waye. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ka rubuta ƙarfe nawa za ka rufe shago, wa zai riƙa karɓar kuɗin ciniki kowane dare ya aje maka, da wanda za ka kira in ta taso. Ka nuna wa ƙanenka wannan shafin kaɗai. Za ka yi asarar wasu kwastomomi bana, na sani, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya'ya huɗu. Na fi son ka rasa su da ka rasa kwana 81.

In kuma, Allah ya kiyaye, ka zame ka sha, kada ka yaga littafin, kada ka bar shafin ranar fari. Ka rubuta shi kamar kowace rana: ƙarfe nawa, a ina, me ya faru kafin nan, tun daga safe. Wannan shafin ya fi sauran daraja wajen likita. Kwanakin da ka tara ba su goge ba, ka rubuta 81 ɗinka ko 100 ɗinka a gefe ka ci gaba. Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne, in ka koma sha kullum na kwanaki, kada ka yanke shi kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya in aka katse masa ita farat ɗaya, rawar jiki da zufa kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya biyowa cikin kwana biyu, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma mutum na iya rikicewa yana gane-gane yana fizge-fizge. Wannan matakin yana kisa. Sau da yawa 'yan uwa kan ɗauka aljanu ne su tsaya neman mai ruƙiyya har lokaci ya ƙure. A yi addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti, ko Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kada kuma ka sayi ƙwayar barci ko tiramol ko maganin tari mai kodin a kemis don su maye maka gurbinta.

Yau da dare, bayan isha'i, ka rubuta kwanan wata, ka rubuta 81 ko nawa ya kai lokacin da wannan ya iso gare ka, ka rubuta abin da ka ci. In iyakar abin da ya zo ke nan, ya isa na yau. Ka sake rubuto mini bayan Salla.

* * *

Baba, ina wuni. Maigidana ya bar shan giya wata biyar ke nan, alhamdu lillahi. Ina gyaran ɗaki sai na ga wani littafi ƙarƙashin katifa, na karanta shafi biyu. A duka biyun ya rubuta cewa bayan mun yi faɗa ne ya ji yana son sha. Tun ranar raina a ɓace yake. Ashe ni yake ɗora wa laifi? In yi masa magana ko in yi shiru?

Wata uwargida, Samaru

'Yata, lafiya lau, Allah ya yi miki albarka da haƙurin da kika yi. Na fahimci zafin da kika ji, mace ta sha wahalar shekaru sannan ta ga sunanta a irin wannan wuri. Amma ki karanta amsar da na ba ɗan uwanki a sama. Abin da mijinki yake yi awo ne, yana rubuta abin da ya zo kafin ƙishirwar don ya san inda zai yi hattara. Da kin buɗe wasu shafukan da kin ga yunwa da rashin kuɗi da sunan abokai a wannan gurbin. Ba ke kika sa shi sha ba, kuma ba a ce ki daina faɗin abin da ke damunki a gidanki don tsoron kada ya koma ba. Ki lura kuma da abin da shafukan biyu suka nuna: ya ji yana so, ya ɗauki biro maimakon ya fita.

Kada ki ƙara buɗewa. In ya gane ana karantawa, ko dai ya daina rubutun ko ya fara rubuta abin da zai faranta miki, duka biyun kuwa sun kashe amfanin littafin. Ki sami lokacin da yake cikin natsuwa ki ce masa kin ci karo da shi wajen gyara, kin ga kaɗan, ba za ki sake ba, ya nema masa wuri mai makulli. Sannan ki tambaye shi, in kun sami saɓani me yake so ku yi kafin dare ya yi nisa.

Abu biyu ne kawai za su sa in canza wannan shawara. In abin da kika gani akwai maganar ya gaji da rayuwa ko yana son ya kashe kansa, to a ranar za ki gaya wa wansa ko wani babba da yake jin nauyi, a kai shi wurin likitansa. In kuma faɗan naku yana kaiwa ga duka, wannan ba maganar littafi ba ce, ki sanar da magabatanki.